Agogon Motsa Jiki Bai San Zafin Kano Ba, Balle Jikin Mace

A shafin kamfanin Apple akwai wani bayani da ba kasafai masu sayen agogonsa ke tsayawa su karanta ba: an ƙera Apple Watch na gama-gari ne don ya yi aiki yadda ya kamata a yanayin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano kuwa, daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, ranar da zafi ya tsaya a digiri 35 sai a ce yau garin da dama-dama. Ma'auni kan kai 39 ko 40, wani lokaci ya zarce. Ke nan agogon da aka ɗaura don ya kula da lafiyar mai motsa jiki, shi kansa ya fita daga iyakar da aka yanka masa tun kafin a kira azahar.

Duk da haka agogunan nan sun cika gari. A kasuwar waya ta Beirut da shagunan Sabon Gari ana samunsu kala-kala, daga Oraimo zuwa waɗanda ba su da suna sai kwali mai ƙyalli. Saurayin da ke zagaye filin wasa na Pillars da sassafe yana da nasa. Budurwar da ke zuwa gidan motsa jiki a Sabon Gari bayan ta tashi daga aiki tana da nata. Matar aure a cikin Fagge da ke bin darasin rage tumbi a YouTube, a ɗaki, ƙofa a rufe, ita ma maigida ya sayo mata. Dukkansu abu ɗaya agogon ke faɗa musu: a cika taku 10,000, a ƙona kalori kaza, a ƙara ƙoƙari. Shi ma adadin 10,000 ɗin ba daga asibiti ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka tallata a Japan a 1965, ya bi duniya.

Ranar da aka fara saita manhajar takan tambaya sau ɗaya, namiji ne ko mace. Akasari amfanin amsar bai wuce lissafin kalori da tsawon taku ba. Abin da ya fi hatsari ga mai motsa jiki a garin nan, wato zafi, babu ruwan lissafin da shi, kuma a nan ne jikin namiji da na mace ke rabuwa. Kuskure biyu ake yi. Manhaja na ɗauka duk jiki ɗaya ne. Mutanen gari kuma na ɗauka mace ba ta jure zafi, namiji kuwa ƙarfe ne. Dukkan biyun ba su yi daidai da abin da aka auna ba.

Yadda jiki ke zubar da zafi

Duk mai buga wasa a waya ya san yadda take ɗaukar zafi, har ta rage gudu da kanta don kada ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Tsokar mutum ma tana ɓarna. Cikin ƙarfin da take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama motsi. Ragowar duk zafi ne da dole a fitar da shi, in ba haka ba zafin cikin jiki ya tashi daga digiri 37 ya doshi 40, inda ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ke fara lalacewa.

Hanya biyu jiki yake da su. Ta farko, ya turo jini zuwa fata domin iska ta ɗebe zafin. Wannan na aiki ne muddin iskar ta fi fata sanyi, fata kuwa ba ta cika wuce digiri 35 ba. Da zarar iskar gari ta haura haka, lissafi ya juya: iskar ce ke zuba wa jiki zafi. Saura hanya ta biyu, gumi. Kuma ba fitar gumin ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Bahaushe ya san wannan tun kafin zuwan firji, don da haka randa ke sanyaya ruwa, kuma a kan wannan hikima marigayi Mohammed Bah Abba ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ciyo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kalori 580. Wadda ta tsiyaye ƙasa ko ta maƙale a riga ba ta tafi da komai ba sai ruwan jikin mai ita.

Inda aka bambanta

A matsakaici maza sun fi mata yawan gumi, wannan gaskiya ne. An daɗe ana ɗaukarsa hujjar cewa jikin mace bai iya sanyaya kansa ba. Amma da masu bincike suka fara kwatanta mutane da adalci, sai yawancin bambancin ya narke. A 2017 an wallafa wani gwaji da aka yi a Jami'ar Wollongong ta Ostireliya, a kan maza 36 da mata 24, a ɗaki mai zafin digiri 28. Abin da ya fito shi ne girman jiki ya fi jinsi tasiri nesa ba kusa ba. Mai babban jiki, namiji ne ko mace, ya fi dogara da gumi. Mai ƙaramin jiki ya fi dogara da turo jini zuwa fata, saboda faɗin fatarsa yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa. Siririn yaro ɗan kilo 55 ya fi kama da mace 'yar kilo 55 a wannan fanni fiye da yadda ya yi kama da ƙaton ɗan dako na kasuwar Singa.

Bambancin jinsi na ainihi yana bayyana ne a can sama. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Ottawa ta Kanada sun nuna cewa a aiki mai sauƙi ko matsakaici, maza da mata na zubar da zafi kusan daidai. Sai an kai matakin da jiki ke buƙatar gumi mai yawan gaske ne na mace ke kaiwa iyakarsa kafin na namiji.

A nan ne maganar ta shafi Kano kai tsaye, domin garin ba zafi ɗaya yake da shi ba. A Maris da Afrilu iska a bushe take ƙamas, tana shanye duk gumin da aka ba ta. Mai yawan gumi ne ke cin riba, muddin yana da ruwan sha. Mai ƙaramin jiki kuwa, faɗin fatar nan da ke taimakonsa a yanayi mai sauƙi ya koma ƙofar da zafi ke shigowa. Amma a Agusta da Satumba, lokacin da iska ta cika da laima, gumi ba ya bushewa. Ƙaton namiji zai jiƙe sharkaf, ya zubar da ruwan jikinsa a banza, alhali mace mai ƙaramin jiki, wadda tun farko ba ta samar da zafi mai yawa, tana tafiya abinta ba tare da asarar ruwa irin tasa ba. Tun wajajen 1980 masu bincike suka lura da wannan: busasshen zafi ya fi yi wa maza sauƙi, mai laima kuma mata kan fi jimre masa. A gari ɗaya, a fili ɗaya, wanda ke da rinjaye a bazara ba shi ke da shi a damina ba. Mafi muni ga kowa shi ne tsakanin, ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da laima ta fara shigowa, zafi bai tafi ba, ruwa bai zauna ba. Babu agogon da ke kasuwa da ya san wannan kalanda.

Akwai kuma kalandar da ke cikin jikin mace. Bayan sakin ƙwai, a rabi na biyu na zagayen al'ada, wani sinadari mai suna firojestaron yana ɗaga zafin cikin jiki da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, bugun zuciya na hutu ma ya ɗan ƙaru, gumi kuma ba ya farawa sai jiki ya ƙara ɗumi. Kada a zuzuta abin: bincike ya nuna tasirinsa a kan ƙwazo, a matsakaici, ƙarami ne, kuma ya bambanta daga mace zuwa mace. Sai dai manhajar da ba ta san da shi ba za ta ga bugun zuciya ya hau ta yanke hukuncin cewa mai ita ba ta huta ba, ko lafiyarta ta ja baya. Ga kuma ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da shi. Mai ƙarancin jini zuciyarta na aiki fiye da kima tun kafin zafi ya ɗora mata aikin tura jini zuwa fata. Mai juna biyu kuwa nauyin ya shafi rai biyu. Wani bincike da aka yi a Gambiya a kan manoma mata 92 masu ciki, aka wallafa a 2022, ya nuna alamun galabaita a jikin ɗan tayi na ƙaruwa yayin da uwar ke aiki cikin tsananin zafi.

Zafin da waya ba ta gani

Da a ce jiki ne kaɗai, da da sauƙi. Abin da ya fi raba maza da mata a Fagge shi ne inda ake motsa jikin da kuma abin da aka sa. Saurayi zai fita fili da gajeren wando da riga mai ramuka, iska na kaɗa shi. 'Yar'uwarsa idan za ta fita, sutura ce hawa biyu ko uku, galibi yadin roba, wanda ke riƙe gumi ya hana shi bushewa. Idan a gida za ta yi, ɗaki ne mai rufin kwano, tagar a rufe saboda sirri, fanka a tsaye saboda an ɗauke wuta. Bayan minti goma iskar ɗakin ta cika da laimar numfashinta da guminta. Ta ƙirƙiro wa kanta watan Agusta a tsakiyar Afrilu. A Sabon Gari, inda mata suka fi sakewa su fita gudu ko su shiga gidan motsa jiki, matsalar kan zama ɗaki cike da mutane da injin janareta da ba ya iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Maganin nan ba cire sutura ba ne. Maganin yadi ne mai sauƙi mai barin iska, da taga, da zaɓen lokaci. Kamfanin Nike ya fitar da hijabin wasanni tun 2017, kuma babu abin da zai hana teloli da dilolin Kantin Kwari su yi irinsa da kuɗin da talaka zai iya.

Zafin da waya ke nunawa kuma ba na ɗakin ba ne. Ko dai daga tashar awon yanayi ya fito, irin wadda ke filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda ake auna iska a inuwa, ko kuma ƙiyasi ne na kwamfuta. Bai san kwaltar France Road da ƙarfe biyu na rana ba. Garmin na cikin kamfanonin da suka yi ƙoƙari. Agogunansa masu tsada na gyara lissafinsu idan zafi ya wuce digiri 22, suna ɗauko bayanin daga wayar da aka haɗa su da ita. Digiri 22! A Kano cikin Afrilu da wuya ma'auni ya sauko nan ko da asuba.

Wanda ke shakkar ƙarfin laima ya tuna da Doha. A gasar duniya ta 2019 an fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare don a guje wa rana. Zafi na wajen digiri 32, laima ta haura kashi 70. Mata 68 suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba, Ruth Chepngetich ta Kenya ta yi nasara. Mako guda bayan haka maza suka yi nasu a hanya ɗaya, 18 cikin 73 suka faɗi. Mai gaggawa zai ce ga hujja, mata ba su da juriya. Amma daren maza zafi ya ɗan sauka, laima kuma ta ragu sosai. Ba jarrabawa ɗaya aka yi musu ba.

Maganar ruwa

Manhajojin tunatar da shan ruwa sun fi kowace manhaja nuna wannan makanta. Kofi takwas ga kowa, ko lita uku ga kowa, ƙararrawa na bugawa. Ga namiji mai kilo 80 da ke buga ƙwallo da la'asar a bazara, wanda zai iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, wannan ya yi kaɗan. Ga mace mai kilo 55 da ke tafiya a hankali na tsawon lokaci tana kurɓa ba ƙaƙƙautawa, yana iya yin yawa, kuma yawan ba abin wasa ba ne. Ruwa idan ya wuce abin da jiki ya fitar yana tsinka gishirin da ke cikin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun Boston na 2002 an gwada jinin masu gudu 488, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya faɗi. Da farko sai aka ga mata sun fi yawa a ciki. Da aka tace lissafin, sai ya zama ba jinsi ba ne dalili: ƙarin nauyi a lokacin gudu saboda yawan sha ne, da daɗewa a hanya sama da awa huɗu, da yanayin girman jiki.

Abin da ke warware wannan ya fi kowane agogo araha: sikeli. Mutum ya hau kafin ya fara, ya hau bayan ya gama, da kaya marasa nauyi. Kowane rabin kilo da ya ragu daidai yake da ledar fiya wata ɗaya. Idan asarar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, an sha ƙasa da kima. Ga mai kilo 80 wannan kilo 1.6 ne, leda uku da ɗoriya, ga mai kilo 55 kuma kilo 1.1, leda biyu da kaɗan. Idan nauyi ya ƙaru, an sha fiye da kima. Awo uku ko huɗu a bazara, wasu kuma a damina, sun isa mutum ya san nasa adadin. Mai zubar da gumi da yawa, wanda rigarsa ke yin farin zane idan ta bushe, yana buƙatar gishiri tare da ruwan, ko a abinci ko ruwan gishiri da sukari.

Maza na da tasu matsalar, kuma ba a jiki take ba, a kai take. Namiji ya fi ƙin tsayawa. Ana buga ƙwallo, wanda aka ci ya fita, babu mai son a ce ya gaza. Ɗan dako da mai tura baro da ɗan garuwa ba su da zaɓin tsayawa ma, don kuɗin a kan kaya ake biya. A ƙasashen Nikaragwa da Salbado an daɗe ana ganin ciwon ƙoda yana cinye samari masu yankan rake, kuma aiki cikin zafi ba isasshen ruwa da hutu na cikin manyan dalilan da masana ke zargi. Idan mai motsa jiki ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa babu dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi, wannan bugun zafi ne, ko da jikinsa na jiƙe da gumi. Farasitamol ba ya maganinsa. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu, a yi ta fifita, sannan a garzaya asibiti ana ci gaba da sanyayawa a hanya. Mintunan farko su ne komai.

Wani zai ce ɗan Kano ya saba, kakanni sun yi noma a wannan rana. Da gaskiyarsa, sabo na aiki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu na motsa jiki a zafi, jini na ƙaruwa, gumi na farawa da wuri, gishirin da ke fita na raguwa. Wani gwaji a Ingila ya nuna mata kan buƙaci kwanaki fiye da maza kafin sabon ya kankama. Amma sabo na gogewa. Wanda ya fito daga watannin hunturu, ko yake wuni a ofis mai sanyi, ba shi da sabon manomi. Kakannin kuma ba su noma da ƙarfe biyu na rana. Da sassafe suke fita, su dawo gindin bishiya. Kuma ranar ma ta ƙaru. A 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, ana cikin azumi. Su ma 'yan Sahel ne, su ma sun saba.

Abin da agogon ke aunawa

Babu agogon hannu na kasuwa da ke auna zafin cikin jiki. Apple Watch Series 8 na 2022 ya zo da ma'aunin zafi, amma na fatar hannu ne, cikin dare yake aiki, don bin zagayen al'ada. Akwai wata na'urar Suwizalan mai suna CORE da 'yan tseren keke ke maƙalawa a ƙirji, ita ma ƙiyasi take yi. A Doha, da masu bincike suka so sanin gaskiya, ƙwayar awo suka ba 'yan wasa suka haɗiye. Agogon da ke nuna "36.6" ko an ɗaura shi ko an ajiye shi a tebur, ado ne.

Bugun zuciya shi ne abin da agogo mai kyau ke iya aunawa, da koren hasken nan da ke ƙarƙashinsa. Gwajin Jami'ar Stanford na 2017 a kan na'urori 7 da mutane 60 ya nuna yawancinsu na kusantar daidai a bugun zuciya, amma a kalori wadda ta fi kyau ta kuskure da kashi 27, mafi muni da kashi 93, kuma kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata. Bugun zuciyar ma sai an fassara shi. Manhajoji da yawa na amfani da tsohon lissafin nan, a cire shekaru daga 220, wanda aka tsara tun farkon shekarun 1970. A 2010 likita Martha Gulati ta fitar da wani bayan gwada mata sama da 5,000 a Chicago: 206 a cire kashi 88 cikin 100 na shekaru. Ga 'yar shekara 30, na farko ya ba da 190, na biyu ya ba da kusan 180. Tazarar bugu goma na iya sa agogo ya ce a ƙara wuta alhali an kusa ƙurewa.

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa lissafi ba ya fin bayanan da aka gina shi a kansu. Wani nazari na 2021 ya duba maƙalu sama da 5,000 na kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020: mata kashi 34 ne na waɗanda aka gwada, kuma kashi 6 kacal na binciken aka yi a kan mata zalla. Lokacin da Apple ya fitar da manhajarsa ta lafiya a 2014, tana iya ƙirga har sinadaran abinci da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansu ba, amma babu wurin rubuta ranar al'ada. Sai a 2015 aka saka, bayan an yi ta surutu. Idan matar Kalifoniya sai da ta yi ƙorafi, matar Fagge mai hijabi, mai azumi, a ɗakin kwano, ba ta ma shiga taron da aka tsara manhajar ba.

Jiran kamfanonin nan ɓata lokaci ne, kasuwar ba ta kai su waiwayo ba. Aikin na matasan Kano ne masu rubuta manhaja, waɗanda da yawansu ke ta kwafar manhajar sayar da data ta ɗari da ɗaya. Kayan aikin a arha suke. Akwai ma'aunin WBGT, wanda sojojin Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1950, mai haɗa zafi da laima da hasken rana da iska a lamba ɗaya. Da shi hukumar FIFA ta riƙa ba da hutun shan ruwa idan ya haura 32, kamar yadda aka gani a wasan Holan da Meziko a 2014. Shafin Open-Meteo na ba da bayanan zafi da laima da iska na kowace awa kyauta, daga ciki ana iya ƙiyasta shi. Wanda ke son sanin halin ɗaki kuwa, ƙaramin allon ESP32 da sensa DHT22 sun isa su auna zafi da laima su aika waya.

Manhajar da ake buƙata ba mai zane-zane ba ce. Ta yi magana da Hausa, da murya, ta yi aiki a ƙaramar Android ba data. Ta tambayi nauyi, ta tambayi a fili ne ko a ɗaki, da fanka ko babu, wace irin sutura, ana azumi ko a'a. Ta karɓi awon sikeli ta koyi gumin mai ita. Ta iya cewa yau a bari sai bayan magariba, ko mai azumi ya jira ya sha ruwa tukuna, ko da hakan zai karya jerin kwanakin da manhajojin waje ke alfahari da shi. Bayanin al'ada da juna biyu ya zama na ganin dama, kuma ya tsaya a cikin wayar. Kamfanin Flo ya sha tuhuma a Amurka kan miƙa irin waɗannan bayanai ga Facebook da Google, har aka sasanta a 2021. Taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin soja a 2018, balle hanyar da budurwa ke bi da asuba a Sabon Gari. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka wanda zai tara su ya karanta ta kafin ya rubuta layin farko.

Abin da mai rubuta manhaja ba zai iya shi kaɗai ba shi ne gwaji a kan mutane. Wannan sai da masu ilimin jiki na Jami'ar Bayero da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da izinin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike, da mata masu aunawa domin mata su yarda su zo. Sikeli, da ma'aunin laima, da masu sa kai maza da mata adadi ɗaya, a auna su sau ɗaya a Afrilu, a sake a Agusta.